Mabuɗin Shirin Telebijin: Aikin Hannun Da Kwamfuta Ta Gada

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Dutse cikin shekarun 1980 zai iya tuna yadda kallon telebijin yake a wancan zamani. Akwatunan ba su da yawa. In ka cire gidajen manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma, da na waɗansu 'yan kasuwa, da ɗakunan taro na makarantun kwana, sai kuwa wuraren kallo na jama'a, inda akan girke akwati ɗaya a bisa tebur, yara su zauna a ƙasa, manya su tsaya daga baya. Inda wutar lantarki ba ta kai ba, akan yi da inji ko batirin mota. A kan kowane irin wannan gida kuwa akwai dogon ƙarfe ko gora mai ɗauke da eriya, an juya kanta ta fuskanci Kano, domin daga can hoto yake tasowa, ya ci tafiyar kusan kilomita 100 kafin ya sauka tsakanin duwatsu da itatuwan dabinon Dutse.

Hoton da ya sha irin wannan tafiya ba ya isowa da ƙarfinsa. Wani lokaci ya zo da yayyafi kamar an watsa gero a kan gilashin, wani lokaci mutum ɗaya ya zama biyu. Amma duk da haka, da zarar an kaɗa taken wani shiri, sunansa ya bayyana da manyan haruffa, sai ka ji hayaniya ta ɗauke, na bakin ƙofa suna kiran na waje. Wannan ɗan abin da ba ya wuce rabin minti, wato hoto da suna da take waɗanda ke buɗe shiri, shi ake nufi da mabuɗin shiri. A yau yaro mai wayar hannu yana iya haɗa irinsa kafin shayi ya huce. A wancan lokaci kuwa aikin kwanaki ne na waɗansu ma'aikata da ba a ganin fuskarsu, masu aiki da kwali da tawada da reza, kuma abin da ya fi damunsu shi ne ko mai kallo na nesa, irin na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, zai iya karanta abin da suka rubuta.

Yadda telebijin ya iso

Telebijin ya fara aiki a Nijeriya ran 31 ga watan Oktoba na 1959, sa'ad da Gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV a Ibadan. Jihar Gabas ta bi baya da tata tashar a Inugu cikin 1960. Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa hannu da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, aka buɗe gidan rediyo da telebijin na Kaduna cikin 1962, daga baya aka miƙa shirye-shiryensa zuwa Zariya da Kano. Duk waɗannan tashoshi baƙi da fari suke nunawa. Sai cikin 1975 ne tashar Jihar Binuwai da Filato da ke Jos ta zama ta farko da ta nuna hoto mai launi a ƙasar nan. Bayan haka Gwamnatin Tarayya ta tattara tashoshin duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda dokar soja ta 1977 ta kafa da sunan NTA.

A duk tsawon wannan lokaci Dutse tana cikin Lardin Kano ne, sa'an nan Jihar Kano daga 1967. Saboda haka telebijin ɗin mutanen Dutse shi ne na Kano: tashar NTA ta Kano, da kuma CTV, wadda gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda a yau ake kira ARTV don tunawa da shi. Ta waɗannan tashoshi, da kuma shirye-shiryen da ake musaya tsakanin tashoshin NTA, mutane suka san wasannin kwaikwayo irin su Samanja na Usman Baba Pategi, da Karambana na Kasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da kuma Cock Crow at Dawn, wanda aka fara cikin 1980 domin jawo hankalin jama'a ga noma, wanda kuma Bongos Ikwue ya yi wa take. Ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba sai ran 27 ga watan Agusta na 1991, kuma tashoshin da Dutse ke da su a yanzu, wato NTA Dutse da gidan telebijin na jiha, duk sun zo ne bayan na'ura ta fara karɓe aikin daga hannun masu zane. Ke nan rabon Dutse a wancan zamani shi ne kallo, amma kamar yadda za a gani, mai kallo na nesa shi ne alƙalin aikin.

Kwali, tawada da reza

Kowace tashar telebijin ta wancan zamani tana da sashen zane-zane, kuma babban abin da wannan sashe ke fitarwa shi ne kwalin rubutu. Kwali ne mai kauri wanda aka yanka daidai da siffar gilashin telebijin, wato faɗi kashi huɗu, tsayi kashi uku. A Ingila girman da aka saba da shi shi ne inci 12 da inci 9. A kansa ake rubuta sunan shiri, ko sunan mai magana, ko sakamakon wasan ƙwallo, ko sanarwar neman afuwa idan na'ura ta sami tangarɗa. In lokacin nunawa ya yi, sai a jingina kwalin a kan wani ɗan marfi mai ƙafa, a haska masa fitila, a sa kyamara guda ta dube shi. Idan kwalayen suna da yawa akan jera su biyu-biyu a gaban kyamarori biyu: ana nuna wannan, wani ma'aikaci yana zare wancan yana sa na gaba, darekta kuwa yana ba da umurni daga ɗakin sarrafawa. Tun da yake shirye-shirye da dama kai tsaye ake watsa su, in mai zarewa ya yi nawa, ko ya sa kwali a kife, to, ƙasa duka ta gani.

Rubutun kansa hanya uku ake bi a yi shi. Ta farko ita ce hannu zalla, da burushi ko alƙalami da rula. Ta biyu ita ce wani injin ɗab'i mai zafi, irin wanda kamfanin Masseeley na Ingila ke yi, wanda ke manna farin harafi a kan baƙin kwali. Ta uku, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce takardar Letraset, wadda irinta ta gogawa ta fito cikin 1961. Wata 'yar leda ce mai ɗauke da haruffa jere-jere. Mai zane ya ɗora ta a kan kwali, ya goga bayan harafin da yake so da bakin biro ko wani ɗan itace, harafin ya bar ledar ya manne a kwalin. Harafi ɗaya-ɗaya ake yi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ido ne ke auna ta. In aka kuskure a harafi na ƙarshe, sai a kankare da reza a hankali, in kwalin ya ɓaci a sake daga farko.

Dalilin da ya sa aka fi son farin rubutu a kan baƙin kwali shi ne domin a iya ɗora shi a kan wani hoto. Idan mai haɗa hotuna ya gauraya abin da kyamarori biyu ke gani, baƙi ba ya ƙara kome a kan hoton, fari ne kaɗai ke fitowa. Ta haka ne sunan mai karanta labarai ke bayyana a ƙirjinsa kamar an rubuta a iska. Sunayen 'yan wasa da ma'aikata da ke hawa sama a ƙarshen shiri kuwa, a kan doguwar baƙar takarda ake jera su, a naɗe ta a jikin wani gangan ƙarfe, a riƙa juyawa da hannu ko da ɗan inji a gaban kyamara. Mai juyawa da hannu tilas ya daidaita saurinsa da tsawon take, don kada kiɗa ya ƙare sunan darekta bai fito ba.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci a kan wannan aiki. Zafin fitilun ɗakin ɗauka yana lanƙwasa kwali, inuwa ta faɗa a kan rubutu. Zafi da bushewar hunturu suna sa haruffan leda su tsattsage tun kafin a goga su. Ƙura kuwa, in ta sauka a kan baƙin kwali, sai ta fito a telebijin kamar taurari. Ga shi kuma kayan duka daga waje ake sayo su, don haka da kuɗin waje ya yi wuya cikin shekarun tsuke bakin aljihu na 1980, wanda ya iya rubutu da burushi ya fi kowa daraja a sashen.

Dokokin da mai kallo na nesa ya kafa

Ba kowane kyakkyawan zane ne ke yin kyau a telebijin ba, kuma a nan ne gwanintar masu wannan aiki ta bambanta da ta mai rubuta allon kanti. Hoton telebijin na tsarin da Nijeriya ta bi layuka 625 ne ke haɗa shi, ana sake shi sau 25 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane hoto kashi biyu ake zana shi, layukan mara da na cika suna karɓa-karɓa. Saboda haka duk wani siririn layi na kwance, in bai kai kaurin layuka biyu ba, sai ya riƙa rawa yana ƙyaftawa. Wannan ya sa haruffa masu ƙananan ƙafafu da siraran jiki, irin na littafi, ba su da amfani; sai masu kauri, marasa ado.

Doka ta biyu ta shafi gefe. Akwatunan wancan zamani gilashinsu mai kumburi ne, kusurwoyinsa a zagaye, kuma kowane akwati yana cinye wani abu daga gefen hoto, wani kaɗan wani da yawa. Don haka mai zane yakan bar wajen kashi ɗaya cikin goma na kwalin a kowane gefe babu rubutu. Wanda ya ƙi bin wannan doka zai ga aikinsa cif a kan akwatin ɗakin sarrafawa, amma a tsohon akwatin wani malamin makaranta a Jahun harafin farko da na ƙarshe sun ɓace.

Doka ta uku ta launi ce. Ko bayan da tashoshi suka koma nuna launi, akasarin akwatunan da ke hannun jama'a baƙi da fari ne. Ja da kore suna iya bambanta sarai a idon mutum, amma a irin wannan akwati su zama toka iri ɗaya, rubutu ya nutse cikin bango. Dole mai zane ya auna kowane launi da hasken da zai bayar in an cire masa kala. Haka kuma fari fat yana sa tsofaffin kyamarori su yi ƙyalli, shi ya sa akan rage shi zuwa fari mai ɗan duhu.

Doka ta huɗu ita ce taƙaitawa. Layi kaɗan, kalmomi kaɗan, a kuma bar kwalin ya daɗe yadda mai karatu a hankali zai kai ƙarshe. Duk waɗannan dokoki, in an duba, manufarsu ɗaya ce. Wanda ke zaune a birni kusa da tasha, da sabon akwati, zai karanta kusan kome aka sa masa. Wanda ke ƙarshen inda hoto ke kaiwa, yana tsaye a bayan mutum hamsin yana leƙen akwati mai inci 14, shi ne ba zai karanta ba sai an yi aikin da kyau. Mai zanen da ke zaune a Kano ko Kaduna, ko ya taɓa zuwa Dutse ko bai taɓa ba, domin idon mutumin Dutse yake kaurara harafinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su karanta boko ko kaɗan, kuma a wancan zamani su ne suka fi yawa a wurin kallo. Su hoto da kiɗa ne ke gaya musu abin da ke tafe. A nan telebijin ya tarar da al'adar da ta riga shi. Bahaushe ya san take tun kafin rediyo: sarki yana da nasa, ɗan dambe yana da nasa, manomi a gayya yana da nasa, kuma da an kaɗa ba sai an faɗi suna ba. Shi ya sa kalmar take ta zauna daram a kan kiɗan buɗe shiri, har yaron da bai shiga aji ɗaya ba yana iya gaya maka shirin da za a fara tun yana bayan katanga.

Matsalar ƙugiya

Akwai wata wahala da mai zanen Hausa ya sha wadda takwaransa na London bai san da ita ba. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da rubutun boko na Hausa da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Amma takardun haruffa da injunan da ake sayowa an yi su ne domin Turanci, babu waɗannan haruffa a cikinsu. Kuma ƙugiya ba ado ba ce. Ita ce ta raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, ƙura da kura. Kwalin da aka so ya ce Baƙin Gwamna, in ƙugiya ta faɗi, ya koma Bakin Gwamna.

Hanyoyin da suka rage wa mai zane uku ne: ya manna harafin Turanci sa'an nan ya ƙara masa ƙugiya da siririn burushi, ko ya yanko lanƙwasar wani harafi kamar f ko r da reza ya dasa a kansa, ko kuwa ya bar shi haka nan ya dogara ga mai karatu ya gane. Ta farko da ta biyu suna cin lokaci, ga kuma dokar kauri, domin ƙugiyar da ta yi siriri ba za ta kai Dutse ba. Ta uku ita ce mai sauƙi, kuma duk inda aiki ya yi yawa ita ake bi.

Daɗin daɗawa, an ƙididdige haruffan kowace takarda ne bisa yadda Turanci ke cin su, inda e ta fi kowane harafi yawa. Hausa kuwa a take ci. A cikin kalmomi biyu kacal, Labaran Ƙasa, akwai a guda biyar cikin haruffa goma sha ɗaya. Saboda haka takarda takan ƙare da a tun sauran haruffa ba su yi rabi ba, a bar q da v da x da p suna kwance babu mai taɓa su. Wannan matsala ba ta telebijin kaɗai ba ce. Ita ta sa cikin shekarun 1980 aka yi aikin fito da jerin haruffa na bai ɗaya domin harsunan Nijeriya, wanda shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki.

Sa'ad da aka so zane ya motsa

Kwali a tsaye yake. In ana son motsi, mafi sauƙi shi ne kyamara ta matso ko ta ja da baya, ko a yi kwali mai hawa biyu, a ja wani zare ko wata 'yar takarda daga baya, haruffa su riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Shirye-shiryen wasan kwaikwayo kuwa sau da yawa akan fita da kyamarar fim mai milimita 16 a ɗauko kasuwa ko gona ko titi, a wanke fim ɗin, a yanka a haɗa, sa'an nan a ɗora sunaye a kansa lokacin watsawa. Akwai na'ura ta musamman mai mai da fim ya zama hoton telebijin.

Mafi wuya shi ne zane mai motsi na sosai. Akan kafa kyamarar fim a sama tana duban tebur, a shimfiɗa zane, a ɗauki hoto ɗaya, a gusa zanen kaɗan, a sake ɗauka. Lissafin a fili yake: hoto 25 a daƙiƙa, mabuɗi mai daƙiƙa 30 yana bukatar hoto 750. Ko an yi dabarar ɗaukar kowane zane sau biyu, sai an gusa hannu sau 375. Duk wannan wahala a kan fim ɗin da tsawonsa bai kai ƙafa 19 ba, kuma ba za a san ko an yi kuskure ba sai an wanke shi. Ba kowace tasha ce ke da kayan wannan aiki ba, shi ya sa kwali da fim na waje suka fi yawa a tashoshinmu.

A ƙasashen da suka riga mu ma da hannu aka fara. Alamar ido ta tashar CBS ta Amurka, wadda William Golden ya zana cikin 1951, har yanzu ana amfani da ita. Alamar farko mai motsi ta telebijin ɗin BBC, wadda Abram Games ya tsara cikin 1953, wata 'yar na'ura ce ta ƙarfe da fitilu aka ƙera aka ɗauka a fim. A silima, Saul Bass ya nuna da fim ɗin The Man with the Golden Arm na 1955 cewa mabuɗi yana iya faɗin zuciyar labari tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Cikin 1963 kuma Bernard Lodge ya yi mabuɗin shirin Doctor Who ta hanyar juya kyamara ta dubi akwatin da ke nuna hotonta, haske ya riƙa haihuwar kansa yana murɗewa kamar hayaƙi. Abin da injiniyoyi ke ɗauka aibi ne, shi ya mayar ado.

Zuwan na'ura

Tun farkon shekarun 1970 aka fara yin na'urorin da ke rubuta haruffa kai tsaye a kan hoton telebijin, irin su Vidifont da Chyron a Amurka, da Aston a Ingila. Cikin 1981 kamfanin Quantel ya fito da Paintbox, wadda mai zane ke zane a kanta da alƙalamin lantarki. Cikin 1982 tashar Channel 4 ta Ingila ta buɗe da alamar da kwamfuta ta motsa, aikin Martin Lambie-Nairn, BBC kuma ta maye gurbin tsohon ƙwallon duniyarta da na kwamfuta cikin 1985. Waɗannan kaya masu tsada ne, sun kuma iso tashoshinmu a hankali, manyan birane da farko. Amma da suka zauna, aikin da ke cin yini ya koma na minti biyar, kuma ana iya gyara suna ana cikin watsa shiri.

Ba wanda zai yi musun wannan ci gaba. Sai dai na'urorin farko ma ba su san ƙugiya ba, kuma su ba a iya ƙara musu da burushi. Abin da hannu ke iya gyarawa, na'ura ta hana, har ido ya saba da ganin Hausa babu ƙugiya a kan gilashi. Wani abin lura shi ne, cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka fito da tsarin Unicode na haruffan kwamfuta, wanda ya ba ɓ da ɗ da ƙ gurbinsu. Yau duk wata kwamfuta da wayar hannu tana iya rubuta su. Ke nan uzurin da ma'aikacin 1980 yake da shi ya ƙare. In har yanzu ana ganin kasa a inda ake nufin ƙasa a kan telebijin, ko a allon ma'aikata, ko a takardar sanarwar gwamnati, laifin ba na na'ura ba ne.

Abin da ya rage, da abin da ya kamata

Babban abin baƙin ciki game da wannan sana'a shi ne yadda ba ta bar sawu sosai ba. Kwali abin amfani ne na dare ɗaya. In an gama akan juya bayansa a yi wani, ko a jefar. Kaset ɗin bidiyo na farko, mai faɗin inci biyu, wanda kamfanin Ampex ya fito da shi cikin 1956, yana da tsada ƙwarai, don haka tashoshi a ko'ina cikin duniya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo. BBC kanta ta rasa kashi da dama na Doctor Who ta wannan hanya. Abin da ya tsira daga gogewa a ƙasarmu kuma yana fama da zafi da ƙura da raɓa, ga shi injunan da ke iya kunna irin su U-matic suna ƙarewa. Masu zanen kansu, sunansu yakan zo ne can ƙasan jerin da su da kansu suka rubuta, lokacin da masu kallo sun riga sun miƙe suna kakkaɓe riga. Jama'a sun riƙe sunayen 'yan wasa, amma ba su riƙe na wanda ya rubuta sunayen ba.

Akwai wuraren da wannan aiki ya dace da su. A Jos akwai ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, da kuma kwalejin telebijin ta NTA. A Kaduna akwai Gidan Arewa, a Kano akwai Gidan Makama. A Dutse kuwa akwai Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa cikin 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kansa a shekarar ƙarshe ba ya bukatar tafiya nesa: tsofaffin ma'aikatan tashoshin Kano da Kaduna da suka yi ritaya, waɗansunsu suna raye, kuma mai yiwuwa ne a sami kwali ko hoto ko ragowar takardar haruffa a cikin akwatunansu. A zauna da su, a ɗauki bayaninsu, a ɗauki hoton abin da suka ajiye, kafin magada su share ɗaki. Ma'aikatun watsa labarai da na al'adu kuma suna iya sa a ƙidaya tsofaffin kaset ɗin da ke ɗakunan ajiya, a juye waɗanda suka rage zuwa kwamfuta tun ana iya kunna su.

Ƙasar Jigawa ba baƙuwar zane ba ce. A Birnin Kudu akwai hotunan shanu da mutanen da suka shuɗe suka zana a jikin duwatsu, waɗanda hukuma ta killace tana tsaro. A fadar Garu da ke Dutse akwai adon bango, a tsangayu akwai zayyanar allo, a wuyan riguna akwai aska takwas da dagi. Masu zanen telebijin na yau, waɗanda kwamfuta ke miƙa musu haruffa dubu da ƙyalƙyali iri-iri da aka ƙera a wata ƙasa, suna da wannan rumbu a bayan gida in sun so ɗiba. Suna kuma da darasin magabatansu masu kwali. Akwatin mai inci 14 ya tafi, amma wayar hannu ta maye gurbinsa, gilashinta bai kai tafin hannu ba, kuma a ƙauyukan Kiyawa da Jahun hoto yana isowa gare ta a raunane kamar dā. Mai kallo na nesa yana nan inda yake, kuma dokokin da ya kafa ba su tsufa ba: harafi mai kauri, kalmomi kaɗan, gefe a buɗe, ƙugiya a wurinta.